Ɗura Harsashi da Hannu Irin na Amurka: Ko Zai Yi Maganin Dabbobin da ke Ɓarna a Gonakinmu?

Alhaji Manomi, Argungu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masu sani a wannan zaure, musamman maharba da waɗanda suka yi aikin ɗamara. Kwanan nan ana ta yaɗa bidiyon wasu manoma da makiyaya na Amurka waɗanda suke zama a ɗaki da sikeli da wata 'yar na'ura mai hannu, suna ɗura wa kansu ƙananan harsasai, sannan su fita fili su riƙa kakkaɓe dabbobin da ke yi musu ɓarna daga nisan da ido da ƙyar yake kaiwa. Mu a fadama gyazbi da gafiya da ɓera suna cin shinkafa tun tana ɗanya, masu gonakin tudu kuma suna fama da kurege da birai. Mene ne ainihin wannan aiki, me ya hana su sayen harsashin kamfani su huta, kuma akwai abin da manomin Kebbi zai ɗauka a ciki?

Injiniya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Harsashin bindigar zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, da 'yar hular da ke gindinsa wadda take tayar da wuta idan an buge ta, da albarushi, da ƙwayar da ke fita ta bakin bindiga. Idan an yi harbi, uku daga ciki sun tafi ke nan, amma kwanson yana nan, kuma shi ne ya fi sauran tsada. To waɗannan mutane kwanson suke tsincewa su sake amfani da shi, sauran ukun kuwa a kanti suke sayo su daga kamfanonin da aikinsu ke nan. Ya kamata a lura da wannan tun da wuri, domin mai kallon bidiyo yana iya zaton mutumin ƙera harsashi yake yi daga tushe, alhali haɗa kayan da masana'anta ta riga ta gama ne kawai, bisa awon da wani ɗakin gwaji ya tabbatar ya kuma buga a littafi.

Dalilinsu na farko kuɗi ne. A jihohin tsakiya da yammacin Amurka, irin su Dakota ta Kudu da Montana da Wayomin, akwai wani kuregen fako mai zama a ramuka jama'a guda, har ya mamaye fili mai faɗi, kuma mai harbinsa yana iya ƙarar da harsashi ɗari biyu ko uku kafin rana ta faɗi. A gabashin ƙasar kuma wata dabba ce mai haƙa rami a gonakin ciyawa, ta fi gafiya girma, sai kuma dilan ƙasarsu da ke kama 'yan tumaki. Dalili na biyu, wanda a wurinsu ya fi na farko nauyi, shi ne saiti. Kamfani yana yin harsashi ɗaya domin ya shiga dubban bindigogi, shi kuwa mai ɗurawa da hannu yana neman wanda ya dace da bindigarsa ita kaɗai, saboda abin da yake son samu bai fi tafin hannu faɗi ba, ga shi kuma a nisan yadi 300.

Alhaji Manomi, Argungu:
Na gode Injiniya. Na ji suna ta ambaton lambobi da sunaye, wannan ya ce .222, wancan ya ce .22-250, kamar kowa da ɗarikarsa. Bambancin na gaske ne ko son ƙawa ne?

Injiniya, Birnin Kebbi:
Na gaske ne Alhaji, ko da yake ba a rasa son ƙawa a ciki. Yawancinsu faɗin ƙwayarsu ɗaya ne, inci 0.224, wato bai cika milimita 6 ba, kuma nauyinta yakan kama daga gram 2.6 zuwa 3.6. Inda suka bambanta shi ne girman kwanso, wanda shi ke yanke yawan gudun ƙwayar. .22 Hornet, wanda kamfanin Winchester ya fara sayarwa a 1930, shi ne ƙaraminsu, ba ya da ƙara sosai kuma ba ya zuwa nesa. A 1935 kamfanin ya fito da .220 Swift, harsashin kasuwa na farko da ya haura ƙafa 4,000 a daƙiƙa ɗaya, wato sama da mita 1,200, ya ninka gudun sauti fiye da sau uku, sai dai ya yi suna wajen cinye cikin bututun bindiga da wuri saboda zafin da yake haifarwa. A 1950 wani injiniyan kamfanin Remington mai suna Mike Walker ya ƙirƙiro .222 Remington, wanda ya daɗe yana riƙe da kambun saiti. Da shi ne a 1973 wani ɗan gasa ya harba ƙwaya biyar daga yadi 100 suka bi kusan rami ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu inci 0.009, kuma sai da aka yi shekara 40 kafin a karya wannan tarihi.

.22-250 kuwa masu gwaje-gwaje ne suka fara yin sa tun shekarun 1930 ta hanyar matse wuyan kwanson wani harsashi mafi girma, sai a 1965 Remington ya karɓe shi ya mayar da shi na kasuwa. Daga baya aka samu masu ƙwaya mafi siriri, kamar .17 Remington na 1971 da .204 Ruger na 2004. Wanda ya fi kowanne yaɗuwa a yau shi ne .223 Remington, kuma a nan nake so a buɗe ido, domin shi ɗan'uwan harsashin soja ne mai milimita 5.56, wanda sojan Amurka suka ɗauka tare da bindigar M16 a shekarun 1960. A can wannan dangantaka ita ta sa kwansonsa ya yi arha. A nan Zamfara ko Kebbi kuwa, duk wanda aka samu kwanson irinsa a aljihunsa ya san tambayar da za a fara yi masa.

Ƙaramin .22 ɗin da tsofaffin ma'aikata suka sani, mai suna .22 Long Rifle, ba ya cikin wannan magana, saboda sinadarin tayar da wutarsa yana cikin leɓen kwanson ne, kuma da zarar an buga leɓen ya lotsa.

Baba Maharbi, Talata Mafara:
Ɗana ne yake rubuta mini, ni nake faɗa. Injiniya, Allah ya ƙara sani. Amma ni ban ga abin mamaki a nan ba, domin tun kakanninmu maharbi shi yake ɗura wa bindigarsa da hannunsa. Mai adaka yana zuba albarushi ta baki, ya danna da sanda, ya sa ƙwaya, ya fita daji ya dawo da nama, kuma ba shi da sikeli ba shi da littafi. Idan Bature ya yi sai a ce ilimi ne, idan mu muka yi sai a ce ƙauyanci. Abin da suke taƙama da shi ai mun riga su.

Tsohon Soja, Gusau:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka tana da gaskiya ta fuska ɗaya, domin su ma Turawan da bindigar ɗuri ta baki suka fara, kuma irin tasu ce ta shigo ƙasar nan ta hannun 'yan kasuwar bakin teku har ta zama tamu. Amma ina roƙon kada matasan da ke karanta wannan zaure su ɗauka abu ɗaya ne, saboda a wannan ruɗani ne ake rasa yatsu da idanu.

Albarushin da adaka take ci baƙar hoda ce irin ta dā, mai yawan hayaƙi, wadda ƙarfin turinta yake da iyaka. Na harsashin zamani wani abu ne dabam, mara hayaƙi, wanda wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya fara samarwa a 1884, kuma matsin da yake haifarwa ya ninka na baƙar hoda nesa ba kusa ba. Iyakar matsin da aka amince wa .223 Remington a Amurka shi ne fam 55,000 a kan kowane murabba'in inci. Tayar ƙaramar mota da mai faci yake ba wa iska ba ta wuce fam 30 zuwa 35 ba a wannan ma'auni. Wannan matsi kuma yana tashi ne a cikin ƙarfen da ke dab da kuncin mai harbi. Shi ya sa bindigar da za ta ɗauke shi sai an yi ta da ƙarfe na musamman, kuma a ƙasashen Turai da dama doka ta ce sai an gwada kowace ɗaya da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi, a buga mata hatimi, kafin a sayar. Bututun da maƙeri ya samo daga kayan tsohuwar mota ko famfo bai taɓa ganin wannan gwaji ba. Na ga hannun wani ɗan sa-kai da ya farke harsashin zamani ya juye abin cikinsa a bindigar gargajiya don yana son ta ƙara ƙarfi: babban yatsa da manuni sun tafi, sauran tafin kuma ya yi baƙi da ƙananan ɓaraguzan ƙarfe da likita ya kasa cire su duka.

Baba Maharbi, Talata Mafara:
Wannan kam na yarda, Soja, domin mu ma a cikinmu ba ma barin yaro ya taɓa abin da ba na bindigarsa ba. Amma har yanzu ina cewa hannun da ya saba ya fi sikeli.

Injiniya, Birnin Kebbi:
Baba, a kan adaka ba zan yi jayayya da kai ba, kai ne gaba. A kan waɗannan ƙananan harsasai kuwa hannu ba ya iya aikin, komai sabonsa. Ma'aunin da suke amfani da shi sunansa giren, kuma giren 7,000 ne suke cika fam ɗaya, wato giren ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na gram ba. Sikelin nasu yana raba wannan giren ɗin gida goma, saboda a kwanso ƙarami ɗan ƙarin da yatsa ba zai ji ba yana iya tsallakar da matsi daga inda yake lafiya zuwa inda hular gindi za ta fashe ko kwanson ya tsage. Ga shi kuma albarushin nasu iri-iri ne, wani mai saurin ci wani mai jinkiri, a ido duk kamanninsu ɗaya, kuma musanya ɗaya da wani yana daga cikin manyan abubuwan da ke tarwatsa bindiga a can. Har zafin rana yana da tasiri, domin abin da aka gwada lafiya lokacin sanyi yana iya wuce iyaka idan harsashin ya gasu a mota. Mu da muke ganin zafi ya haura digiri 40 a watan Afrilu a Birnin Kebbi sai mu auna abin da hakan yake nufi.

Abin da nake so a gane shi ne, mutumin da ke cikin bidiyon ba shi kaɗai yake ba. A bayansa akwai wata ƙungiyar masana'antun makamai mai suna SAAMI, wadda aka kafa a 1926, da take tsayar da girman kowane kwanso da iyakar matsinsa, a Turai kuma akwai hukumar CIP mai irin wannan aiki. Akwai kamfanoni irin su Hornady da Sierra da Lyman da suke gwaji da na'urar auna matsi su buga littattafai. Idan aka cire waɗannan duka aka bar mutum da kwanso da dabararsa, abin da ya rage caca ce da fuska.

Barista, Gusau:
Na bari masu fasaha su gama kafin in sa baki, amma ina ganin lokaci ya yi, domin kada wani ya fita daga nan da tunanin cewa matsalar ta kayan aiki ce kawai. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau take aiki a Nijeriya, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin su bindigogin yaƙi da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, irin su bindigar harbin tsuntsaye da bindigar farauta mai dogon zango, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai kuma masu ɗuri ta baki, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake da ta cewa a kansu. Saboda haka bindigogin da Injiniya ya lissafa, ko da za a kira su na farauta, mallakarsu ba tare da lasisin Sufeto Janar ba laifi ne, haka ma mallakar harsashinsu.

Abin da ya fi shafar tambayar Alhaji shi ne, dokar ta hana kowa ƙerawa ko haɗawa ko gyara bindiga ko harsashi, sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar da aka kafa don sojoji, ko kuma da izini na musamman da dokar ta tanada, kuma hukuncin saɓa wannan ɗauri ne mai tsawo. Kalmar haɗawa tana cikin dokar, don haka hujjar cewa ai kayan sayowa na yi ban ƙera ba ba za ta ceci kowa a gaban alƙali ba. Aikin yin harsashi a ƙasar nan na Hukumar Masana'antun Tsaro ne, DICON da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964. Ga kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, wadda ta haɗa har da harsasai da kayan haɗa su, ta kuma hana shigo da su ƙasashen yankin sai da sahalewa ta musamman.

A Amurka dokar tarayya ba ta neman lasisi ga wanda yake ɗura wa kansa, sai idan zai mayar da abin sana'ar sayarwa. Amma ko a ƙasashen Turawa ba ko'ina ne haka ba. A Jamus sai mutum ya yi kwas ya ci jarrabawa ya karɓi izini a ƙarƙashin dokar abubuwa masu fashewa kafin a sayar masa da albarushi.

Ɗalibi, Kaura Namoda:
Ranka ya daɗe Barista, da girmamawa nake magana. Ita wannan doka a kan wa take aiki? Waɗanda suke cikin daji suna hana iyayenmu noma ba su nemi lasisin kowa ba, harsashi kuma bai taɓa yanke musu ba. Manomin da yake son kare gyaɗarsa daga biri shi ne ake karanta wa sashe kaza. A Afirka ta Kudu, wadda ƙasar Afirka ce kamar tamu, mai lasisi yana ɗura harsashinsa, makiyayan tumaki kuma da irin waɗannan bindigogi suke maganin dila. Kuma ba a manta ba, a watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara da kanta ta ce jama'a su nemi izinin mallakar bindiga.

Barista, Gusau:
Ƙanena, zafin da kake ji kowa a nan yana jin sa, kuma ba zan ce maka dokar tana aiki daidai a kan kowa ba. Amma ka tuna yadda waccan sanarwa ta 2022 ta ƙare: Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da hurumin ba da wannan umarni, domin batun makamai na gwamnatin tarayya ne. Misalin Afirka ta Kudu kuma hujja ce a kanka, saboda a can ana yin abin ne a ƙarƙashin dokarsu ta 2000, wadda ta sa sai mutum ya samu takardar cancanta, an yi wa kowace bindiga rajista da sunansa, yana kuma da akwatin ƙarfe na ajiya. A jihar da jami'an tsaro suke tare hanya suna neman masu kai wa 'yan bindiga harsashi, mutumin da aka samu a ɗakinsa da na'urar ɗuri da tarin kwanso ba za a tsaya sauraron labarin gyaɗarsa ba. Kuma ko shi mai gaskiya ne, ranar da labari ya kai daji cewa a gida kaza akwai mai iya wannan aiki, ya san baƙin da zai yi da dare.

Tsohon Soja, Gusau:
Zan ƙara abu ɗaya a kan na Barista, ko da an ajiye doka gefe. Jihar Wayomin ta ninka Zamfara girma fiye da sau shida, amma mutanenta ba su kai 600,000 ba a ƙidayar 2020, alhali Zamfara ta haura miliyan 3 tun a ƙidayar 2006. Mai harbi a can yana iya duba bayan abin da yake saiti ya ga fili babu kowa har iyakar gani. Harsashi irin .223 idan ya kuskure ya tashi sama yana iya wuce kilomita 2 kafin ya faɗo, ko ƙaramin .22 ma a jikin kwalinsa akan rubuta gargaɗin cewa yana da haɗari har mil ɗaya ko fiye. Alhaji, ka tsaya a bakin gonarka a fadamar Argungu lokacin rani ka duba: ga masu ban-ruwa a duƙe cikin shinkafa ba a ganin su, ga yara masu korar tsuntsu, ga masunta a gulbi, ga Fulani da shanu a kan hanyar mashaya. Ta wace fuska za ka juya bakin bindigar?

Malama Ma'aikaciyar Lafiya, Anka:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in kawo wani ɓangare da ba a taɓo ba, wato darma. Mu mutanen Anka da Bukkuyum ba a littafi muka san ta ba. A 2010 ne aka gano cewa yaran da ke ta mutuwa da jijjiga a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma gubar darma ce take kashe su, daga ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma aƙalla yara 400 ne suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa kafin Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ta iya ba da magani, saboda babu amfanin wanke jinin yaro a mayar da shi inda zai sake rarrafe cikin gubar, ƙauyen Bagega kuma sai a 2013 aikin ya kai gare shi. Da yawa daga cikin waɗanda suka rayu sun tashi da naƙasar ƙwaƙwalwa.

Cikin ƙwayar harsashi darma ce, jan ƙarfen da ake gani riga ce kawai aka sa mata. Sinadarin da ke cikin 'yar hular gindi ma yawanci yana ɗauke da darma, shi ya sa ƙurar da ke fita lokacin goge tsofaffin kwanso take da guba, kuma su kansu masu wannan aiki a Amurka ana yi musu gargaɗin kada su ci abinci a wurin, kada kuma yara su shiga. Ina kuma roƙon Baba da sauran maharba a kan narka darma a tsakar gida don yin ƙwayar adaka, inda mata suke girki yara suke wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin darma a jini da za a kira mara illa. Yaro ɗan shekara biyu da ke sa hannu a ƙasa ya kai baki jikinsa yana tsotse ta fiye da na babba sau da yawa.

Sannan irin ƙwayar da ake yi don waɗannan ƙananan dabbobi an yi ta ne ta tarwatse da zarar ta taɓa jiki. Su a can ba cin naman suke yi ba, a fili suke barin gawar, amma duk da haka an samu shaho da gaggafa suna kamuwa da guba daga cin mushen, kuma jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin darma gaba ɗaya tun daga Yulin 2019. Mu kuwa gyazbi da gafiya da zomo tukunya suke shiga.

Baba Maharbi, Talata Mafara:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Maganar narkawa a gida zan kai ta wurin taronmu na maharba, domin akwai masu yi a gaban jikokinsu.

Malamin Gona, Yauri:
Ni tambayata ga Alhaji ita ce, ko da doka ta yarda kuma fili ya samu, wace dabba ce a cikin masu cin shinkafarka za ta tsaya a harbe ta? Kuregen fakon Amurka da rana yake fitowa, ya miƙe tsaye a bakin raminsa a fili mai gajeriyar ciyawa, shi ya sa madubin hangen nesa yake da amfani a kansa. Gyazbi da gafiya da ɓera da dare suke aiki, a cikin duhuwar shuka, ba ka ganin su sai dai ka wayi gari ka tarar da karan shinkafa an datse shi a karkace an zubar. Ɓera kuma haihuwarsa ta fi ƙarfin harbi, domin macen ɓeran gona mai yawan nonuwa tana iya zuba 'ya'ya goma ko fiye a ciki ɗaya, kuma wannan ɓera shi ne mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, don haka ko gawarsa ba a so a riƙa ɗauka da hannu. Babban maƙiyin shinkafar Kebbi ma ba mai ƙafa huɗu ba ne, tsuntsun jan-baki ne, wanda yake sauka dubbai a lokaci ɗaya, kuma babu manomin da zai ce da harsashi ɗai-ɗai zai rage shi.

Ko a Amurkar ma kashe kuregen nan bai tafi lami lafiya ba. Akwai wata dabba mai kama da tunku mai baƙaƙen ƙafafu da kusan shi kaɗai take ci kuma a raminsa take kwana, da aka rage shi da guba da noma da cuta sai ita ma ta ɓace har aka ɗauka ta ƙare, sai a 1981 aka sake gano 'yan kaɗan a Wayomin. Mu ma muna yin irin wannan da hannunmu idan muna kashe mujiya don camfi, muna kashe tunku da macizan da ba su da dafi, sannan mu dawo muna kukan ɓera.

Alhaji Manomi, Argungu:
To Malam, tun da kowa ya rufe wannan ƙofa, ka faɗa mana abin da za mu yi kafin shinkafar rani ta fara ciki, domin ɓarnar bara a gefen da ke kusa da ciyawar gulbi ta fi yawa.

Malamin Gona, Yauri:
Wurin da ka ambata shi ne mafarin aikin, Alhaji. Gyazbi ba ya son ratsa fili tsirara, saboda haka a share ciyawar gefen gona da ta kan kunyoyin ban-ruwa, a rage faɗin manyan kunyoyi inda ɓera yake haƙa rami, a bi ramukan a toshe tun kafin dashe. Tarko da burma a ɗana su a kan hanyar da dabbar ta saba bi, wadda ake ganewa da kashinta da guntayen karan da ta bari, kuma a fara tun shuka tana ƙarama, lokacin da ba su riga sun hayayyafa ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne maƙwabtan gona su yi shuka a lokaci ɗaya su kuma yi farautar ɓera a mako ɗaya, domin idan kai ka yi na kusa da kai bai yi ba, nasa ne za su dawo gonarka, idan kuma shukarku ta sha bamban kun ba su abinci wata da watanni. Maganin ɓera na kanti a sa shi cikin gwangwani ko guntun bututu inda kaji da yara ba za su kai ba, a kuma binne duk mushen da aka tsinta, kada wanda ya mutu da guba ya shiga miya. Birai sai gadi da karnuka, musamman da sassafe da la'asar. Jan-baki kuwa aikin hukuma ne, kuma abin da ake buƙata daga manomi shi ne ya gano inda suke kwana a cikin ciyawar ruwa ko ƙaya, ya kai rahoto ofishin gona na ƙaramar hukuma da wuri, tun kafin su yi sheƙa su ƙyanƙyashe. Idan ƙungiyarku ta manoman shinkafa za ta tara masu gonakin wannan gefen gulbi, ku sanar da malamin gonar yankinku ranar, ya zo ya zagaya kunyoyin tare da ku ya nuna inda za a ɗana tarkon.